Yadda Za Ka Zaɓi Hanyar Jigilar da Ta Dace da Kayanka da Mai Sayensa

Yawancin masu aika kaya suna fara lissafi ne daga inda ya kamata su ƙare. Mutum zai kira kamfanonin dako uku, ya ji farashin kowanne, ya ɗauki mafi araha, bayan wata biyu kuma ya zauna yana mamakin inda ribarsa ta zurare. Farashin dako shi ne tambaya ta ƙarshe. Kafin a kai gare shi akwai abu biyu da ya kamata a sani sarai: alkawarin da aka yi wa mai saye, da kuma halin kayan da za a ɗauka. Matakan da ke ƙasa sun bi wannan jeri ne, daga mai saye zuwa kaya, sannan abin hawa.

Mataki na farko: gano abin da mai saye ke bukata da gaske

Idan ka tambayi kowane kwastoma yaushe yake son kayansa, amsar ɗaya ce, yanzu-yanzu. Wannan amsar ba za ta amfane ka da komai ba. Tambayar da za ta fito da gaskiya ita ce: idan kayan suka makara da kwana uku, me zai same ka? Wani zai ce babu komai, yana da na wata guda a sito. Wani zai ce masana'antarsa za ta tsaya, ma'aikata su zauna ana biyansu. Wani kuma zai ce lokacin cinikin zai wuce, kayan su zama kwantai. Mutum uku ke nan, kuma hanya ɗaya ba za ta gamsar da su duka ba.

A nan ne za ka rarrabe tsakanin sauri da cika alkawari, don abubuwa biyu ne daban. Masana'antun da ke bin tsarin da kamfanin Toyota ya shahara da shi, na kawo kayan aiki daidai lokacin da ake bukatarsu ba tare da tara su a sito ba, ba su damu ko kaya sun yi kwana talatin a hanya ba. Abin da ba za su lamunta ba shi ne a ce musu Talata, kaya su zo Jumma'a. Kai, wani lokaci zuwa da wuri ma laifi ne, domin babu wurin ajiya.

Ka rubuta wa kowane kwastoma, ko kowane rukuni na kwastomomi, amsar waɗannan: kwana nawa zai iya jira, jinkirin kwana nawa zai iya ɗauka, yawan kayan da yake karɓa a lokaci guda, ko yana da injin sauke kaya da filin da tirela za ta juya, da kuma ko zai yarda ya ƙara kuɗi don sauri. Ta ƙarshen nan ita ce ma'auni. Wanda ya ce gaggawa yake yi amma ba zai ƙara ko sisi ba, gaggawarsa ta baki ce.

Mataki na biyu: auna kayan, ka san halinsu

Abu na farko shi ne darajar kowane kilo. Ka raba kuɗin kayan da nauyinsu. Siminti, takin zamani, ƙarfe da hatsi suna da nauyi amma kilo ɗaya bai taka kara ya karya ba, don haka ɗan ƙari a kuɗin dako zai cinye ribarsu. Wayoyin hannu, magunguna da ƙananan sassan na'urori kuwa, kilo ɗaya na iya kai ɗaruruwan daloli, kuɗin jirgin sama ba ya ko girgiza su. Wannan ne ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na nauyin kayan cinikin duniya ke bin teku, yayin da jiragen sama ke ɗaukar ƙasa da kashi 1 na nauyin, amma darajar abin da suke ɗauka ta kai kusan sulusin darajar cinikin baki ɗaya.

Na biyu shi ne girman kaya idan an kwatanta da nauyinsu, kuma nan ne sabon shiga ke shan mamaki. Mai jirgin sama wuri yake sayar maka, ba nauyi kaɗai ba. Ƙa'idar da aka saba ita ce a ninka tsawo da faɗi da tsayin kwali a santimita, a raba da 6,000. Kamfanonin aika saƙon gaggawa da yawa suna rabawa ne da 5,000. Abin da ya fito ana kwatanta shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za ka biya. Ɗauki kwali mai santimita 60 da 50 da 40 wanda nauyinsa kilo 8 ne. Lissafi zai ba da 120,000, a raba da 6,000, ya zama kilo 20. Kilo 20 za a caje ka, wato kuɗin kilo 12 na iska ka biya. Da ka rage tsayin kwalin zuwa santimita 30, da ya sauko kilo 15. Sau da yawa gyaran kwali ya fi cinikin farashi sauƙi, ya kuma fi shi riba.

A teku ma haka abin yake idan kayanka ba su cika kwantena ba aka haɗa su da na wasu: ana caji ne da mita kubik ɗaya ko kilo 1,000, wanda ya fi yawa. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin kusan mita kubik 33, mai ƙafa 40 kusan 67, amma nauyin da suke ɗauka kusan ɗaya ne, bai wuce tan 28 ba. Saboda haka tayil da ƙarfe ƙaramar kwantena suke shiga, katifa da kujeru kuma babba. Ka tuna cewa dokar nauyin mota a kan titi ta ƙasar da za a sauke kayan na iya hana ka cika kwantenar har iyakarta.

Na uku shi ne tsawon ran kayan. Yawancin alluran rigakafi sai an riƙe su tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyos tun daga masana'anta har hannun mai yin allurar. Furannin da ake yankowa a Kenya a kai kasuwar Holan kwanakinsu ƙidayayyu ne, shi ya sa mafi yawansu jirgin sama suke bi. Amma ruɓewa ba ita kaɗai ce mutuwar kaya ba. Tufafin yayi da na'urorin da sabon samfurinsu ke fitowa duk shekara ba sa wari, darajarsu ce ke zagwanyewa kullum suna hanya.

Na huɗu, ka bincika ko kayanka na cikin masu haɗari. Majalisar Ɗinkin Duniya ta kasa irin waɗannan kaya gida tara, kuma abubuwan da mutum ba zai zata ba suna ciki: turare da fenti saboda suna kamawa da wuta, gwangwanin feshi, da batirin litiyam da ke cikin waya da kwamfuta. Wasu ba a yarda a sa su a jirgin fasinja ba sam. Kada ka kuskura ka ɓoye, domin ɓoyayyun kaya masu haɗari sun sha haddasa gobara a jiragen ruwa, kuma idan asiri ya tonu inshora ba za ta tsaya maka ba.

Mataki na uku: san abin da kowace hanya ta iya

Jirgin ruwa shi ne mafi arha ga kaya masu yawa da tafiya mai nisa. Tun da Malcom McLean ya loda kwantena 58 a jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a 1956, kuɗin lodi da saukewa ya faɗi warwas, har yau ga jiragen da ke ɗaukar abin da ya haura kwantena 20,000 masu ƙafa 20. Aibinsa shi ne rashin sauri, da kuma cewa jirgi a tasha yake tsayawa, ba a ƙofar kwastoma ba.

Jirgin ƙasa ya dace da kaya masu nauyi a doguwar tafiya ta tudu. Layin da ya haɗa Chongqing ta Sin da Duisburg ta Jamus tun 2011 ya zama tsaka-tsaki, ya fi teku sauri, ya fi sama arha, duk da cewa sai an sauya wa kwantena tarago a kan iyaka saboda faɗin dogon tsohuwar Tarayyar Sobiyat milimita 1,520 ne, na Sin da yawancin Turai kuma 1,435.

Babbar mota ita ce kaɗai ke zuwa ƙofa, kuma kusan kowane kaya da ita yake farawa, da ita yake ƙarewa. Jirgin sama shi ne mafi sauri da tsada, kuma kaso mai yawa na kayansa a cikin jiragen fasinja yake tafiya, abin da ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabo a 2020 lokacin da annobar korona ta tsayar da zirga-zirgar mutane. Bututu kuwa na mai da iskar gas ne, ba maganarmu ba ce a nan.

Abin lura shi ne da wuya kaya su bi hanya ɗaya tal. Don haka idan aka ce maka kwana 25, ka tambaya: daga tasha zuwa tasha, ko daga sitona zuwa ƙofar mai saye? Tsakanin waɗannan biyun akwai jiran jirgi, sauyin jirgi a wata tasha, binciken kwastam da neman motar da za ta ɗauka, kuma suna iya ƙara mako biyu ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Mataki na huɗu: lissafa jimillar abin da tafiyar za ta ci

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Kayan da ke cikin jirgi jarinka ne a ɗaure. Ka biya kuɗinsu, ba ka sayar ba, idan bashin banki ne ruwa na hawa. Ka haɗa da inshora, haya da gadin sito, lalacewa da faɗuwar daraja, sai ka ga riƙe kaya na shekara guda yana cin kaso mai kauri na darajarsu. Kowane kamfani ya fitar da nasa adadin daga littattafansa.

Ga misali don a ga yadda ake yi, alƙaluman kuma na kwatance ne kawai. A ɗauka kana da kaya na dala 200,000, riƙe su kuma yana cin kashi 24 cikin 100 a shekara. Ta teku kwana 40 ƙofa zuwa ƙofa, ta sama kwana 7. Bambancin kwana 33 zai ci maka kusan dala 4,300. Yanzu a ce kayan na'urori ne masu nauyin kilo 400, jirgin sama na karɓar dala 6 a kilo, wato dala 2,400, na ruwa kuma dala 600. Ka ƙara dala 1,800 a dako, ka tsira da 4,300. A nan jirgin sama ne mai arha, duk da cewa takardar farashinsa ta ninka ta teku huɗu. To a ce kayan masu wannan darajar nauyinsu tan 20 ne. Jirgin sama zai ci dala 120,000, kwantena ɗaya kuma wataƙila 4,000. Babu ma abin tattaunawa, teku za su bi. Daraja ɗaya, nisa ɗaya, amsa biyu.

Sai kuma kuɗin rashin tabbas, wanda ba ya fitowa a kowace takarda. A ce kana sayar da guda 100 kullum. Kamfani na ɗaya yana kawo kaya cikin kwana 30, in ya makara bai wuce kwana 2 ba. Na biyu yakan kawo cikin kwana 25, amma wani sa'in sai ya kai 40. Da na ɗaya, ajiyar ko-ta-kwana ta guda 200 ta ishe ka. Da na biyu sai ka tanadi 1,500, in ba haka ba ranar da ya makara kwastomominka su koma wajen wani. A takarda na biyu ya fi sauri, a sito kuma shi ne ke ɗaure maka jari. Ni dai in aka ba ni zaɓi tsakanin mai nawa da ba ya saɓa rana da mai sauri da ba a san ranar zuwansa ba, na farkon zan ɗauka, sai fa in kayan ruɓewa suke yi.

Kada ka manta da ƙananan caje-cajen da ke taruwa su zama babba: kuɗin ɗagawa da saukewa a tasha, ƙarin kuɗin mai, ƙarin lokacin cunkoso, da tarar jinkiri idan kwantena ta wuce kwanakin da aka ba ta kyauta a tasha ko a hannunka. Tarar nan kullum ake ƙirga ta, kuma takan ƙaru idan kwanaki suka yi yawa. Ka nemi a rubuta maka adadin kwanakin kyautar kafin ka sa hannu. Mai araha a baki sau da yawa a nan yake fanshewa, an dai ce araha ba ta ado.

Mataki na biyar: raba kaya, kada ka yi musu kuɗin goro

Ba dole ba ne duk kayan kamfani su bi hanya ɗaya, ko da iri ɗaya ne. Kayan da ake saye kullum ba fashi, waɗanda kana iya hasashen cinikinsu, ka ɗora su a hanya mafi arha, ka cika kwantena. Waɗanda cinikinsu ke hawa da sauka, ko sabon samfurin da ba ka san yadda kasuwa za ta karɓe shi ba, ka aiko da kaɗan ta sama ka gwada, in sun karɓu sauran su biyo ta ruwa. Akwai ma hanyar haɗin gambiza, kaya su zo ta teku daga Asiya zuwa Dubai, daga can jirgin sama ya ƙarasa da su.

Haka kwastomomi. Asibitin da ke jiran sashin injin da ya lalace da dillalin da ke cika sitonsa duk wata uku ba sabis ɗaya suke bukata ba. Ka tsara mataki biyu ko uku na isar da kaya, kowanne da farashinsa, kowa ya zaɓi abin da aljihunsa da bukatarsa suka ba shi. Yi wa kowa gaggawa kyauta ita ce hanyar da ta fi saurin cinye riba.

Mataki na shida: fayyace wa ke da alhakin me

Ƙungiyar 'Yan Kasuwa ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin Incoterms tun 1936, bugun 2020 kuma yana da sharuɗɗa 11. Su ne ke faɗin wa zai biya dako, wa zai yi takardun kwastam, da kuma daidai wurin da asara ke tashi daga wuyan mai sayarwa ta koma na mai saye. A sharaɗin EXW mai saye ne ke ɗaukar kusan komai tun daga ƙofar masana'anta, a DDP kuma mai sayarwa ne ke kai kaya har gida ya biya haraji.

Kuskuren da aka fi yi yana kan sharaɗin CIF. Da yake mai sayarwa ne ya biya dako da inshora har tashar da za a sauke, sai mai saye ya ɗauka kayan na wuyan mai sayarwa har su iso. Ba haka ba ne. Da zarar an ɗora su a jirgi a tashar lodi, asara ta zama ta mai saye, inshorar da sharaɗin ya wajabta kuma mafi ƙanƙanta ce. Sannan CIF da FOB, wanda a cikinsa mai sayarwa ke ɗora kaya a jirgi mai saye ya biya dako, an yi su ne don jigilar ruwa. Ga kayan kwantena da ake miƙa wa kamfanin dako tun kafin a kai bakin jirgi, sharuɗɗan FCA da CIP sun fi dacewa, domin a cikinsu asara na komawa wuyan mai saye ne da zarar an miƙa kaya ga kamfanin dako.

Game da inshora, kada ka dogara da cewa kamfanin dako zai biya idan kaya suka lalace. Yarjejeniyoyin ƙasa da ƙasa sun yi wa diyyarsa iyaka bisa nauyi, da ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, wanda ya ɗan haura dala ɗaya. A dokokin Hague-Visby na teku SDR 2 ne a kilo ko 666.67 a ƙunshi, wanda ya fi yawa. A yarjejeniyar CMR ta jigilar mota 8.33 a kilo. A yarjejeniyar Montreal ta sama 26 a kilo tun ƙarshen 2024. Kwatanta wannan da na'urar da kilonta ya kai dala 500. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar teku ta raba asara: idan aka kashe kuɗi ko aka sadaukar da wasu kaya don ceton jirgi, duk masu kaya a ciki sai sun ba da kasonsu, ko da nasu lafiya lau suke. Marar inshora sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a sakar masa kayansa.

Mataki na bakwai: tanadi hanya ta biyu tun kafin a bukace ta

A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya maƙale a mashigin Suwez na kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A 2023 fari ya rage ruwan mashigin Panama har aka taƙaita yawan jiragen da ke wucewa. Daga ƙarshen shekarar, hare-hare a Bahar Maliya suka sa manyan kamfanoni zagayawa ta kudancin Afirka, tafiyar Asiya zuwa Turai ta ƙaru da kwana goma ko fiye. Sama ma ba ta tsira ba: tokar dutse mai aman wuta na Aisland ta rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan mako guda a Afrilun 2010. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kowane kaya mai muhimmanci, ka san wata tasha da wani kamfani da za ka koma wa, ka riƙa ba shi ɗan aiki lokaci-lokaci domin ranar da kowa ke neman wuri a jirgi ya san da kai. Ka kuma yanke tun yanzu waɗanne kaya ne suka cancanci a ɗauke su ta sama idan hanya ta toshe, da wa ke da ikon ba da wannan umarni.

Mataki na takwas: gwada, ka rubuta, ka sake dubawa

Sabon kamfanin dako da ƙaramin kaya ake fara gwada shi. Ka tabbatar yana da lasisi da inshora, ya taɓa ɗaukar irin kayanka, kuma idan na sanyi ne zai ba ka bayanan na'urar auna zafi na tafiyar gaba ɗaya. Takardunka su ma su zama daidai: tun 1 ga Yulin 2016 ba a loda kwantena a jirgi sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta, katakon da ake ɗora kaya a kai kuma ƙasashe da yawa ba sa karɓarsa sai da tambarin ISPM 15 da ke nuna an kashe ƙwarin cikinsa.

Daga nan ka buɗe rajista. Kowace tafiya ka rubuta ranar da aka yi alkawari, ranar da kaya suka isa, ko sun isa a cike, abin da ya lalace, da kuɗin da aka faɗa maka da wanda ka biya a ƙarshe. Duk wata uku ka zauna da rajistar, ka duba kamfani-kamfani da hanya-hanya, ka fi mai da hankali kan tafiyoyin da suka fi makara maimakon matsakaicin kwanaki. Idan ka ga kana yawan aika wani kaya ta sama cikin gaggawa, ka binciki sashin da ke yin oda kafin ka zargi masu dako, domin galibi odar ce ake makara da ita. Sannan ka sake lissafin mataki na huɗu duk lokacin da ruwan banki, kuɗin mai ko farashin kwantena ya motsa sosai, ko kuma wani babban kwastoma ya sauya yadda yake karɓar kaya.